Kwana Goma A Cikin Mota: Yadda Wani Miji Da Matarsa Suka Zagaya Ƙasar Ayislan

Bayan sujadar Kirsimeti, sa'ad da jama'a suka watse aka shiga kai-da-kawon rabon abinci, mun zauna a inuwar darbejiyar bayan majami'a tare da wani ɗan'uwa da matarsa waɗanda suka zo gida hutu daga Ingila. Shi ma'aikacin jinya ne, ita kuwa tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Muka shiga tambayarsu labarin sanyi da tsadar kaya, irin tambayar da kowa yake yi wa wanda ya dawo daga Turai. Sai matar ta yi dariya ta ce, "Malam, in dai labari kake so, tambayi Baban yara yadda muka kwana goma a cikin mota."

Mu dai mun ɗauka mai gidan haya ne ya kore su. Ashe hutu suka tafi, da kuɗinsu kuma suka yi hayar motar. Sun yarda mu kawo muku labarin, amma sun roƙa kada mu ambaci sunayensu.

Abin da ya fitar da su daga gida ba sha'awar yawo kaɗai ba ce. Shi aikin dare yake yi, ita aikin rana. Yana shigowa da safe tana ɗaura takalmi, tana dawowa da yamma yana neman makullin mota. Maganar kuɗin makarantar yara da ta aike gida duk a rubuce ake barin ta a jikin firij. Shekara uku ana haka. Ta ce mana, "Ba faɗa muke yi ba, Malam. Ina ma faɗan muke yi." Da suka sami hutu a lokaci ɗaya cikin watan Yuni, sai suka kai yara wurin ƙanwarta, suka hau jirgi. Sa'a uku ke nan daga Landan zuwa Ayislan.

Ayislan tsibiri ne a can arewacin tekun Atlantika. Girmansa ya kai murabba'in kilomita dubu 103, amma mutanensa ba su wuce kimanin dubu 400 ba, wajen kashi biyu cikin uku kuwa suna zaune a Rekyabik, babban birnin, da kewayensa. Tsakiyar ƙasar fako ne na duwatsu da ƙanƙara, ba mai zama a ciki. Saboda haka garuruwa suna bakin teku, hanya guda kuma ta zagaye tsibirin kamar zobe. Ana ce da ita Hanya Ta Ɗaya, tsawonta ya ɗara kilomita 1,300, kuma sai a shekarar 1974 aka haɗe bakinta, da aka gama gadar wani kogi a kudu wanda ya daɗe yana gagarar magina. Wannan hanya ce 'yan'uwan namu suka bi.

Motar da suka haya ba ta fi ƙaramar bas irin ta 'yan kasuwa ba. An cire kujerun baya an sa benci wanda ake shimfiɗawa da dare ya zama gado. Akwai murhun gas mai baki ɗaya, da jarkar ruwa, da ɗan akwatin sanyi, da tukunya biyu, da na'urar ɗumama ciki wadda take shan man dizal tana kuma aiki da batir na biyu, domin kada mutum ya farka ya tarar motar ta ƙi tashi. Babu bayan gida, babu wurin wanka. Mutum ba ya iya miƙewa tsaye a ciki. In ɗaya yana so ya sa wando, sai ɗayan ya fita waje ya jira. Dalilin da ya sa baƙi da yawa suke zaɓen irin wannan mota shi ne tsadar masauki da ta abinci a ƙasar. Ga ɗaki ga abin hawa a kuɗi ɗaya, kana kuma dafa abinka. Uwargida ta tafi da yajinta da garin kuka, abin da ya cece su ke nan daga burodi da kifin gwangwani.

Kada mai karatu ya zaci duk inda dare ya yi wa mutum sai ya faka ya kwanta. Da haka ake yi, har baƙi suka yi yawa suka fara ɓata gonakin mutane da bakin koguna. Tun daga shekarar 2015 doka ta hana kwana cikin irin wannan mota sai a sansanin da aka keɓe, ko kuwa da iznin mai fili. A sansanin ne ake biyan kuɗin kwana bisa ga yawan mutane, a sami bayan gida da ruwan wanka da wurin wanke kwanuka. Haka nan sauka daga kan hanya a bi cikin fili da mota laifi ne mai tara mai nauyi. Gudu kuwa ba ya wuce kilomita 90 a kan kwalta, 80 a kan burji, kuma fitila a kunne take dare da rana. A hannun dama ake tuƙi, kamar yadda muke yi tun 1972, amma maigida ya riga ya saba da hagun Ingila, don haka kwana biyun farko bakin uwargida bai huta ba: "Dama, Maigida, dama!"

Mun ce dare da rana, amma a watan Yuni babu dare a can. Rana takan faɗi wajen sha biyun dare ta sāke fitowa wajen ƙarfe uku, tsakaninsu ma haske ne irin na bayan magariba. Sun rufe tagogi da labule, barci ya ƙi zuwa. Maigida ya ce shi da ya shekara uku yana barci da rana bai damu ba. Ita ce ta sha wuya, ta kuma fara gane irin barcin da mijinta yake yi shekara da shekaru.

Zangonsu na fari shi ne Thingvellir, tafiyar da ba ta kai sa'a ɗaya ba daga babban birni. Masana sun ce ɓawon duniya ba guda ɗaya ba ne, manyan faifai ne da suke motsi a hankali, kuma Ayislan tana zaune daidai inda faifan Amurka da na Turai suke rabuwa, kimanin santimita 2 kowace shekara. A Thingvellir ana ganin abin da ido. Ƙasa ta tsage, ga bangon baƙin dutse a tsaye, mutane suna tafiya a cikin tsagar kamar a lungu. A gindin wannan bango ne mutanen ƙasar suka kafa majalisarsu a shekarar 930, suna taruwa kowace shekara a fili, wani mutum mai haddar doka yana karanto musu ita da ka.

A nan ne kuma, wajen shekara ta 1000, ƙasar ta kusa rabuwa biyu tsakanin Kirista da masu bin gumakan kakanni, kowane ɓangare yana shirin kafa tasa dokar. Aka danƙa hukunci a hannun mai haddar doka na lokacin, Thorgeir, wanda shi kansa mai bin gumaka ne. Ya shiga ƙarƙashin mayafinsa ya kwanta yini da kwana bai ce uffan ba. Da ya fito sai ya fara neman alkawari cewa kowa zai bi abin da ya yanke, domin a ganinsa raba doka raba zaman lafiya ne, sa'an nan ya ce a yi wa kowa baftisma, amma mai son yin hadaya ga gumaka ya yi a ɓoye. Mu da muke koyar da masu shirin baftisma mun san hukuncin majalisa ba ya sāke zuciyar mutum, an kuma ɗauki lokaci kafin a bar tsofaffin al'adun. Duk da haka ba mu raina mutumin da ya yi shiru yini guda kafin ya buɗe baki, ya kuma yanke abin da ya saɓa wa ɓangarensa domin kada a zubar da jini.

Daga nan suka wuce inda ruwan zafi yake tsartuwa daga ƙasa. Wanda ya ɗanɗana ɗumin ruwan Wikki a Yankari kada ya kwatanta, gama wannan tafasasshe ne, yana sāɓule fata. Wata maɓuɓɓuga mai suna Strokkur takan kumbura ta yi tsiri sama kamar mita 15 zuwa 20 bayan kowane minti biyar zuwa goma, ta lafa, ta sāke. Irin wannan zafi na ƙarƙashin ƙasa ne yake ɗumama kusan gida tara cikin goma a ƙasar. Kusa da wurin akwai matsirgar Gullfoss, inda kogi yake faɗowa hawa biyu, mita 32 gaba ɗaya. Matsirgai kam sun gan su har sun gaji. Uwargida ta ce a rana ta uku in maigida ya ce ga wata can, sai ta ce ya gaishe ta.

A gaban wata daga cikinsu ne, a gabar kudu, tsautsayi na fari ya same su. Tun a wurin karɓar mota an gargaɗe su cewa iskar ƙasar tana fizge ƙofa, inshora kuma ba kasafai take biyan wannan ɓarna ba. Uwargida ta buɗe tata da hannu ɗaya tana neman hula da ɗayan, iska ta kwashe ƙofar ta banƙare ta gaba har ƙarfen ya lanƙwashe. Tana rufuwa, amma sai an ɗaga an tura da ƙarfi. Maigida ya faɗi maganganu. Ita ma ta mayar, ta haɗa har da na bara da na bara waccan. A gida da sai ɗaya ya shige ɗaki, ko lokacin aiki ya raba su. A nan babu ɗaki na biyu, waje kuwa ruwa ne da iska. Suka zauna kafaɗa da kafaɗa suna kallon gilashi, ga dutsen Eyjafjallajokull a gefensu, wanda tokarsa ta tsayar da tashin jirage wajen dubu 100 a Turai cikin Afrilun 2010. Babu wanda ya ɗaga kai ya dube shi.

Da wannan fushin suka isa Reynisfjara, kusa da ƙauyen Vik. Bakin teku ne mai baƙin yashi, da duwatsu a jere kamar an sassaƙa ginshiƙai. Kyansa ya sa baƙi suke tururuwa, amma ya ci rayukan mutane da dama. Tsakanin wannan gaɓa da ƙarshen kudancin duniya babu wata ƙasa da za ta tare ruwa, gaɓar kuma tana zurmawa nan da nan. Sai igiyoyi goma su zo su tsaya wuri ɗaya, mutum ya saki jiki, ta sha ɗaya ta zo ta wuce su nesa, ta share ƙafafunsa ta ja shi cikin ruwan da sanyinsa yake kashe gaɓoɓi cikin 'yan mintoci. Akwai alluna da fitilun gargaɗi a bakin shiga, ƙa'idar kuwa ita ce kada ka juya wa teku baya.

Maigida ya juya masa baya. Yana so ya ɗauki hoton duwatsun, ya yi ta ja da baya yana neman su shiga duka. Ita tana can sama a kan busasshen yashi, ta naɗe hannu, ba ta yi masa magana tun safe. Sai ta ga ruwan ya taso ba irin na ɗazu ba. Ta ce ba ta san sa'ad da ta ƙwala masa kira da sunansa na yanka ba, sunan da ba ta taɓa faɗa a gaban mutane ba tun ranar aurensu. Jin sunan ne ya sa ya zabura a guje bai ko waiwaya ba. Ruwan ya cim masa har gwiwa, ya kayar da shi a kan hannuwansa, ya ja, amma bai tafi da shi ba. Wayar dai ta tafi.

Da yake ba mu labarin, a nan ya yi shiru. Ita ce ta ƙarasa. Ta ce sun koma mota, ta kunna na'urar ɗumi, ta tuɓe masa takalma, ta dafa shayi, hannunta yana rawa har ta zubar da rabi. Abin da yake zuciyarta kuwa shi ne, da ya tafi, maganar ƙarshe da ta yi masa a duniya a kan ƙofar mota ce.

Washegari hanya ta ratsa da su cikin wani fili mai ban mamaki, duwatsu dunƙule-dunƙule iyakar ganin ido, gansakuka ta lulluɓe su kamar bargo. An hana takawa, domin in aka taka gansakukar takan ɗauki shekaru masu yawa kafin ta farfaɗo. Wannan fili narkakken dutse ne da ya daskare. Ranar 8 ga Yuni 1783 ƙasa ta tsage a wani wuri da ake kira Laki, tsaga mai tsawon kilomita sama da 25, ta yi wata takwas tana aman wuta. Wutar ba ita ta fi kisa ba. Hayaƙin ne ya sauka a kan ciyawa da guba, dabbobi suka ci, haƙoransu da ƙasusuwansu suka lalace. Kimanin rabin shanu da dawaki suka mutu, tumaki kuwa wajen kashi 80 cikin ɗari. Yunwa ta biyo baya ta kashe kusan mutum ɗaya cikin biyar na dukan ƙasar, wajen mutum dubu 9.

A bakin filin akwai wani ɗan ƙauye, Kirkjubaejarklaustur, wanda mutanen ƙasar ma suke gajarta shi su ce Klaustur. Faston wurin a lokacin, Jon Steingrimsson, ya tara jama'arsa a majami'a ranar Lahadi 20 ga Yuli 1783, wuta tana gangarowa ta kwarin kogi, kowa yana zaton sujadar ƙarshe ke nan a wannan ɗaki. Da suka fito suka tarar ta tsaya kafin ta iso. Wannan ne abin da aka fi tunawa da shi, har aka gina ƙaramin ɗakin sujada a wurin domin tunawa da shi a 1974. Amma mu abin da ya fi kama mu shi ne abin da ya biyo baya. Tsayawar wutar ba ta hana yunwar ba. Mutumin bai gudu ba, ya zauna yana neman wa jama'a abinci, yana binne matattu, yana kuma rubuta abin da ya gani dalla-dalla, rubutun da masana suke amfani da shi har yanzu. Matarsa tana cikin waɗanda suka rasu a 1784.

A sansanin wannan ƙauye ne 'yan'uwan namu suka yi maganar da suka shekara uku suna ɗagawa. Ba wayar da za a duba, tasa tana teku, tata kuwa ba caji. Ba duhun da zai sa a ce a bari sai gobe. Ta ce masa ta gaji da zaman gwauruwa alhali da mijinta. Ya ce mata aikin dare ya fi kuɗi, kuɗin kuwa shi ne ginin da suke yi a gida, da makarantar ƙannensa biyu, da maganin tsohuwarsa, kuma kullum in waya ta yi ƙara daga gida gabansa faɗuwa yake yi. Ba ta taɓa jin ya faɗi haka ba. Masu karatu da suke da ɗa ko ƙane a waje, su ma su ji wannan, gama mu ne muke buga wayar. Sun yi lissafi a bayan takardar hayar mota har wajen ƙarfe biyu, rana tana shirin fitowa.

Daga Klaustur hanya ta bi ta wani faffaɗan fili na baƙin yashi a gindin Vatnajokull, tulin ƙanƙarar da ya rufe kusan kashi 8 cikin ɗari na ƙasar, kaurinsa a wani wuri ya kusa kilomita guda. Akwai duwatsu masu aman wuta a ƙarƙashinsa. A 1996 ɗaya ya yi aman, ya narkar da ƙanƙara, a watan Nuwamba ruwan ya ɓalle ya kwashe gadoji, an kuma bar wasu murɗaɗɗun ƙarafan gada a bakin hanya domin matafiya su gani. Gaba kaɗan sai tafkin Jokulsarlon, inda gutsattsarin ƙanƙara, waɗansu sun kai girman gida, suke ɓallewa suna yawo a kan ruwa, fari da shuɗi, har su fice zuwa teku. Shekara ɗari da suka wuce babu wannan tafki. Ya fara samuwa ne wajen 1935 da ƙanƙarar ta soma ja da baya, yana kuma ƙara girma saboda ɗumamar duniya. Wani ƙaramin tulin ƙanƙara a yammacin ƙasar mai suna Ok ya riga ya ƙare, masana suka soke shi daga lissafi a 2014, aka kafa masa allon tunawa a 2019.

Gabas da arewa sun wuce su da ɗan sauri, domin kwanaki sun fara ƙarewa. Sun yi ta cin karo da gadoji masu hanya ɗaya, inda wanda ya fara isowa yake fara wucewa, da tumaki masu kwanciya a kan kwalta, gama sakinsu ake yi duk bazarar ƙasar sai a watan Satumba a tattaro su. Sun tsaya a Dettifoss, matsirga mai faɗin mita 100 wadda ƙasa take rawa a kusa da ita, da wani fili kusa da tafkin Myvatn inda taɓo yake tafasa yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ƙananan ƙudaje sun dame su a bakin tafkin, amma ba su ga sauro ko ɗaya ba. An daɗe ana kirarin ƙasar da rashin sauro, sai a watan Oktoba 2025 aka ba da labarin an kama guda uku a can. Sun kuma ga Godafoss, inda ake cewa Thorgeir ya zubar da gumakansa bayan ya dawo daga majalisa, ko da yake wannan labarin baka ne.

A rana ta goma suka mayar da mota. Ma'aikacin ya zagaya ta, ya kama ƙofar ya ɗaga, ya rubuta musu kuɗin gyara da ya kusa kai rabin kuɗin hayar. Maigida ya miƙa kati bai ce komai ba.

Da suka koma Ingila ya nemi a rage masa aikin dare zuwa mako ɗaya a wata. An ɗauki wata huɗu kafin a amince, albashi kuma ya ragu, ginin gida ya tsaya a kan linta, har wani kawunsa ya aiko yana tambaya ko lafiya. Muka tambaye su ko za su sāke irin wannan tafiya. Maigida ya ce sai dai in motar tana da bayan gida. Uwargida ta ce yara sun riga sun sa rigima sai an tafi da su, ta kuma tashi ta ɗauko mana shinkafa kafin ta ƙare.